Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A unguwar Pantami ta birnin Gombe da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a ƙauye. Idan damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuwa bai nuna ba, sai a fara ganin baƙi daga Akko, Kwami, Deba ko Billiri. Sau da yawa baƙuwar gwauruwa ce mai 'ya'ya. Bayan an kai ta masauki, maigida da uwargida sukan zauna shawara: a ba ta kuɗi a hannu, ko a auna mata masara? Maigida yana tsoron kuɗin za su tafi a biki da zane. Uwargida tana ganin baƙuwar ba yarinya ba ce.

Wannan gardamar cikin ɗaki ita ce gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna yi. Shin wanda ya ba da taimako yana da ikon tsara yadda za a kashe shi, ko kuwa ikonsa ya ƙare tun da abin ya bar hannunsa?

Ba sai an yi ta zato ba, gama an gwada abin a ƙasar Hausa. Tsakanin 2014 da 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun biya mata masu juna biyu a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe na Zamfara, da Buji, Gagarawa da Kiri Kasama na Jigawa, naira 3,500 kowane wata, daga baya aka ƙara zuwa 4,000, har sai yaron ya cika shekara biyu. An haɗa musu da koyarwa a kan ciyar da jarirai, amma ba a gindaya musu sharaɗin abin da za su saya ba. Masu binciken da suka bi sawun gidajen sun tarar yaran sun fi samun abinci iri-iri, tsumburewa ta ragu, matan sun ƙara shiga sana'a, dabbobi kuma sun ƙaru a gidajen. A Nijar ma, inda aka riƙa biyan gidajen karkara sefa 10,000 a wata, an ga mata suna zuba adashe suna sayen awaki. A 2014 masanan Bankin Duniya sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ba su ga alamar cewa irin wannan tallafi yana ƙara sayen giya ko taba ba.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san zaman ƙauye. Talauci yakan tilasta wa mutum yin cinikin asara yana ji yana gani. Manomi yakan sayar da wake da kaka a kan araha domin biyan bashi, ya dawo da bazara ya sayi hatsi da tsada. Yakan bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar wani domin tuwon dare. Yaro ya yi zazzaɓi, a jinkirta zuwa asibiti saboda kuɗin mota, har ciwon kwana biyu ya zama na wata guda. Kuɗi kaɗan da aka san ranar zuwansu sukan toshe waɗannan ramuka. Mai kanti yakan yarda ya ba matar bashin gishiri da sabulu, 'yan adashe su karɓe ta, ta kuma iya kai gudummawa gidan rasuwa ba tare da sunkuyar da kai ba. Buhun masara yana maganin yunwa, amma ba ya biyan kuɗin jarrabawa, ba ya gyara jinka.

Masu shakka suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Suna cewa kyauta tana koya wa mutum zaman jira, suna kuma tuna gargaɗin Manzo Bulus ga Tasalonikawa game da masu zaman banza. Amma gargaɗin yana kan wanda ya ƙi aiki ne, ba wanda ya rasa iri da taki ba. Ba kuma wanda zai ajiye fartanya saboda naira dubu huɗu. Dokar kala da ke cikin Littafin Firistoci ta umarci mai gona ya bar wa matalauci gefen gonarsa, ba ta kuwa naɗa shi mai binciken tukunyar matalaucin ba.

Duk da haka, kuɗi a hannu ba su ne maganin kome ba. A zamanin Shugaba Buhari gwamnatin tarayya ta riƙa biyan gidaje matalauta, har da na jihar Gombe, naira 5,000 a wata, da rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Tsadar kaya ta cinye darajar kuɗin, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. An yi alkawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, sai ga shi a Janairun 2024 an dakatar da ministar jin ƙai da shirin kansa saboda zargin karkatar da kuɗi. Tallafin da ba a san ranar zuwansa ba, ba a iya gina shiri a kansa. Ba ya kuma gina asibiti ko sa malami a aji.

A nan ne darasin yake. Zargin da ya tsayar da shirin bai fāɗa kan matan ƙauye ba, ya fāɗa kan masu rabo ne. Haka ya faru a ikkilisiyar farko a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna: da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye, manzanni ba su sa wa gwaurayen sharaɗi ba, sai suka sa a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe rabon. Bincike mai tsanani ya dace da mai riƙe jaka, amincewa kuwa ta dace da mai karɓa. An fi yin akasin haka, a gwamnati da kuma a kwamitocin jin ƙai na ikkilisiyoyi.

Akwai togiya. Inda an san maigida mashayi ne, hikima ita ce a danƙa kuɗin a hannun matarsa. Amma wannan hukunci ne da ya fito daga sanin mutum, ba daga zaton cewa duk matalauci marar tunani ne ba.

Saboda haka, iyalin Pantami da baƙuwa ta sauka a gidansu za su yi kyau su fara da tambayarta abin da ya fi damunta. In ta ce hatsi, a auna mata. In ta ce kuɗi, a ba ta, a faɗa mata lokacin da za ta sāke samu in da hali, kada kuma a bi ta da lissafi. Ta shekara da shekaru tana ciyar da gida da abin da bai kai kuɗin cefanen mako guda na birni ba. Wadda ta iya wannan, ba ta bukatar a koya mata darajar naira.