Fuskar Shehu a Kan Rigar da Za Ta Tsufa

Fentin da muke buga riga da shi bai san toka-toka ba: ko dai ya ratsa raga ya zauna a yadi, ko bai ratsa ba. Shi ya sa idan aka kawo hoton mutum sai kwamfuta ta farfasa shi zuwa ɗige-ɗige, manya a inda duhu yake kamar ƙarƙashin haɓa, ƙanana a goshi da kumatu. Layin ɗigo 45 zuwa 55 a kowane inci ya wadatar a riga. Mu fitar da shi a leda mai garai-garai, mu ɗora kan ragar da aka shafe da maganin da haske ke taurarawa, mu haska, mu wanke. Inda ɗigo ya tare haske, ruwa zai tafi da maganin, nan fenti zai bi.

Wasu abokan sana'ata da wannan suke kare kansu daga laifin yin hoton mai rai. Suna cewa su ba hoto suke yi ba, ɗigo suke bugawa, idon mai kallo ne ke haɗa fuska idan ya ja baya. Ban yarda ba. Kowane ɗigo na auna girmansa ne don fuskar ta fito, kuma ranar da fenti ya malale hanci ya ɓace, ni da kaina nake jefar da rigar. Niyyata hoto ce, Allah Ya sani.

Ba ma buƙatar wannan dabara ta kare kai. Malaman Malikiyya sun haramta surar mai rai idan tana da jiki mai inuwa, irin gunki. Ta kan yadi ko takarda makaruhi ce, kuma hukuncin ya fi sauƙi idan tana kan abin da ake takawa ko ake zama a kai. Bukhari da Muslim sun ruwaito labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda Annabi (SAW) ya ƙi, aka yanka shi aka yi matasai.

A nan damuwata take. Shari'a ta sassauta inda hoto ya wulaƙanta, ta tsananta inda ake girmama shi, don toshe ƙofar shirka. Wanda kuwa ya zo mini gab da Maulidi da hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, girmamawa ce ta kawo shi, ƙauna ce tsantsa. To amma tishat ba ta riƙe girma. Za a yi gumi a cikinta, a shiga banɗaki da ita, a jiƙa ta tare da wanduna. Idan wuyanta ya saki, ta zama tsumman goge babur. Na taɓa ganin fuskar wani malami da hannuna ya buga, baƙin mai ya rufe rabinta a garejin kanikawa, ranar ban iya cin abinci da daɗi ba.

Fuskar ɗan takara ba ta dame ni haka ba, zaɓe na wucewa ake mantawa da ita. Aya da sunan Allah kuwa ba na buga su a riga ko nawa za a biya. Hoton malami ina bugawa a kalanda ko allon da za a rataye, duk da na san akwai malaman da ko wannan ba su yarda da shi ba, kuma ina ganin girman hujjarsu.

'Yan uwa zakirai, idan dole sai an yi rigar Maulidi, ku sa a rubuta sunan zawiyarku da shekarar taro, ku bar fuskar Shehu a gida.