Zuwa ga Ɗana da ke Aikin Jinya a Ingila

   Ɗana, saƙon da ka aiko wa mahaifiyarka ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Ita ce ta kawo mini ƙorafin da kake yi mata a waya, ƙannenka kuma suka nuna mini rubuce-rubucenka a Facebook. Tun da mahaifinka ya riga mu gidan gaskiya, maganarka ta dawo wuyana, saboda haka ka yi haƙuri da tsoho. An ce ka daina zama da abokan aikinka lokacin shan shayi, wai hirarsu babu Allah a ciki. An ce ɓatattu kake kiransu. Na kuma ga kana raba dare kana musu da mutanen da ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba. Kishin da kake yi wa Ubangiji ban raina shi ba. Hanyar da ka ɗauko ce ba ta kwanta mini ba.

Abin da ya girgiza ka gaskiya ne. A ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, kashi 46 cikin ɗari ne kawai suka ce su Kirista ne, karo na farko da suka gaza rabi, kashi 37 kuma suka ce ba su da addini. Kai kuwa ka tashi inda ko direban mota ba ya tayar da inji sai ya ambaci Allah. A gida, saɓaninmu da maƙwabta a kan yadda za a bauta masa ne. Can ka tarar da mutanen da zancen ma bai dame su ba, a ƙasar da ta turo mana Likita Miller na Wusasa, wanda da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Dole abin ya yi maka ciwo.

Sai dai ba kai ne farau ba. Da aka kwashi Yahudawa zuwa Babila, annabi Irmiya ya rubuta musu cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin, su kuma yi masa addu'a. Birnin da ya kama su bayi ke nan, balle kai da ka tafi da ƙafarka, ana kuma biyanka albashi. Ka sake karanta sura ta 6 ta Daniyel. Maƙiyansa sun fara da binciken aikinsa na gwamnati, suka rasa ha'inci, suka rasa sakaci, sa'an nan suka koma kan addu'arsa. Da an sami tabo a aikin, da addu'arsa ta sau uku a rana ba ta zama shaida ga Sarki Dariyus ba.

To, a ina naka binciken yake? Yana can ƙarfe ukun dare, ɗakin marasa lafiya ya yi tsit, ma'aikata sun yi kaɗan, idonka ya yi nauyi. Ga tsoho a gadon ƙarshe da ya kamata a juya shi kada gyambo ya kama masa baya. Ba ya magana, ba zai kai ƙararka ba, 'ya'yansa sun daɗe ba su leƙo ba. Takardar tana gabanka, sa hannu kawai take jira, ba wanda zai san an juya shi ko ba a juya ba. In ka tashi ka juya shi, ka gyara masa zanin gado, ka jiƙa masa leɓe da ruwa, ka kira shi da sunansa, sa'an nan ka rubuta ainihin lokacin da ka yi, ka yi wa'azin da ya fi duk na Facebook. Abokan aikinka suna lura, ko da ba su ce komai ba. Sun san wanda ke karɓar aikin da kowa ke gudu, sun kuma san wanda ke ɓacewa da waya a hannu.

Batun shayi kuwa, ka koma ka zauna da su. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ubangijinmu ya ci abinci da masu karɓar haraji har malaman addini suka yi ta gunaguni. In hira ta karkata ga batsa ko gulma, ka kame bakinka ko ka juya zancen, ba sai ka tashi da ɓacin fuska ba. Ka san sunayen 'ya'yansu. Wadda uwarta ke kwance, ka tambaye ta jikin, ka karɓar mata aikin Asabar in da hali. Wanda ka yi wa wannan shi ne zai tambaye ka wata rana me ya sa kake haka, kuma manzo Bitrus ya ce a ba da irin wannan amsa da tawali'u da ladabi.

Kada kuma ka ji wannan ka koma ɓoye bangaskiyarka, don shi ma rami ne. In an tambaye ka ranar Litinin yadda ka yi hutun ƙarshen mako, ka ce ka je sujada, kamar yadda wani zai ce ya je kallon ƙwallo. Dokar aikinku ta hana cusa wa majinyaci addini, ka kiyaye ta, gama mai ciwo amana ne a hannunka. Amma in an ce ka rubuta ƙarya, ko ka rufe laifin da aka yi wa mara lafiya, a nan ka tsaya kai da fata, ko da za ta kai ka rasa abokai.

Ka kuma rage gaggawa. A ƙasar da kake ɗin nan, William Wilberforce ya tuba a wajajen 1785, har ya yi tunanin barin majalisa don yana ganin siyasa ba wurin mai bi ba ce. John Newton, tsohon matuƙin jirgin bayi da ya zama fasto, ya ba shi shawara ya zauna. Ya zauna, ya sha kaye sau da yawa a zauren, sai a 1807 aka haramta cinikin bayi. Dokar 'yanta bayin kuwa sai 1833, shekarar da ya rasu. Kai kana so ka juya ƙasa da rubutun dare ɗaya.

Abu na ƙarshe, mahaifiyarka ta ce yanzu a waya kake kallon sujada. Ranar da aiki ya hana, ba laifi. Amma ka nemi ikilisiya kusa da kai, ko da tsofaffi ne kawai a ciki, ko da waƙoƙinsu ba irin namu ba ne. Waɗannan tsofaffin sun fi ka sanin yadda ake riƙe bangaskiya a ƙasarsu, za su kuma riƙe ka ranar da ka gaji.

A makon nan ka ajiye musun, ka kai wa abokan aikinka ko ɗan cincin ne ku sha shayi tare, ka kira ni ranar Lahadi da yamma in ji yadda aka yi. Ka gai da matarka da yara. Ubangiji ya kiyaye ka.

Ni ne baffanka.