Hukuncin Darasin Girmama Juna a Makarantar Firamare

Tambaya: Firamaren da 'ya'yanmu ke zuwa ta ware lokaci duk mako ana koya wa yara girmama juna da barin tsokana. An karɓe bulala daga hannun monitoci, an kuma sa wata malama tana sauraron yaran da ke cikin damuwa. Wasu iyaye sun ce tsarin Turawa ne, zai sangarta yara. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Wannan tsari halas ne, kuma ɓangarensa da ya shafi hana yara cutar da juna wajibi ne a kan malami, domin yaro amana ne a hannunsa daga shigowarsa ƙofar makaranta har a tashi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibata juna da jifa da munanan laƙubba, ta 12 kuma ta hana mugun zato da bin diddigi da giba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin makaranta lokacin da aka fita tara ya san waɗannan su ne ainihin abin da ke faruwa a can: mai in'ina ana kwaikwayonsa, mai facin wando ana nuna shi, ƙaton aji yana ƙwace wa ƙarami kuɗin tara. Gaskiya ne alƙalami bai hau kan yaro ba tukuna, amma ya hau kan babban da ke kallo ya yi shiru. Malaman Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Adabul Mu'allimina cewa aikin malami ne ya tsawata idan yara suka cuci juna, kuma ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ƙabisi, wanda ya rasu a 403, ya hana malami zagin yaro, ya kuma ce kada ya wakilta yaro ya doki ɗan'uwansa, saboda kishi da husumar da ke tsakaninsu. Ke nan karɓe bulala daga hannun monita hukunci ne da ya haura shekara dubu a littattafanmu.

Sauraron damuwar yaro ma yana da asali a Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) kuma yakan kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. A wasu ruwayoyin an bayyana cewa tsuntsun ya mutu ne, Annabi ya tarar da yaron cikin baƙin ciki. Shugaban al'umma bai ga damuwar ƙaramin yaro ta yi kaɗan da a tsaya mata ba. Shi kansa Anas ya yi masa hidima shekara 10 bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Umar ɗan Abu Salama kuwa, da hannunsa ke yawo a akushi, nasiha ya samu daga Annabi a taƙaice: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci gabansa. Malamar da ta lura yarinya ta daina magana a aji, ko yaro kullum yana gyangyaɗi don ya fito bai karya ba, ta ja shi gefe ta tambaya, wannan tafarki ta bi.

Mafi ƙarfin hujjar masu suka ita ce hadisin Abu Dawud da ya umarci a sa yara salla suna da shekara 7, a doke su a kanta idan sun kai 10, sai su haɗa da karin maganar nan, ka ƙi naka duniya ta so shi. Ba ma musun hadisin, amma a karanta shi yadda ya zo. A kan salla ya zo, ya kuma sa shekara uku na koyarwa da haƙuri kafin a ɗaga hannu. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6, galibi sai ya kai aji biyar yake cika 10, to da wane nassi ake zane ɗan aji biyu don ya kasa haddace jadawalin sau? Malaman da suka yarda da duka ma sun ɗaure shi da sharuɗɗa: kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba, ban da kai da fuska, ban da lokacin fushi. Abin da aka yi rangwame a kansa da irin wannan ƙunci, hukumar makaranta na da ikon taƙaita shi idan ta ga ana wuce gona da iri, kuma barinsa ba saɓo ba ne, tunda A'isha ta shaida, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Masu cewa da bulala muka tashi kuma ga mu, su tuna da 'yan ajinsu da suka gudu ba su dawo ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 808, ya riga ya lura cewa tsanani yana koya wa yaro kasala da ƙarya da wayon tsira. Tsallen kwaɗo a gaban aji da kiran yaro daƙiƙi suna samar da mai tsoron malam, wanda zai huce a kan na ƙasa da shi da zarar malam ya juya baya.

Batun cewa tsarin daga waje ya zo ba ya buƙatar dogon bayani. Hukunci yana bin abin da ke cikin ƙwarya ne, ko wa ya kawo ta, kuma alli da benci da jarrabawar ƙarshen zango duk ba mu muka ƙago su ba.

Inda tsoron iyaye yake da tushe shi ne abin da za a cusa a darasin, kuma a nan haƙƙinsu ne su ga manhajar kafin a fara. Idan an shigar da abin da ya saɓa wa shari'a, ko bayanin da ya fi ƙarfin shekarun yaro, wannan ɓangaren haramun ne, a nemi hedimasta ya cire shi ba tare da an rushe sauran ba. Amma a koya wa yaro cewa jikinsa yana da al'aura, ya nemi izini kafin shiga ɗaki kamar yadda aya ta 58 a Suratun Nur ta tsara, ya kuma gaya wa babba idan wani ya taɓa shi inda bai dace ba, wannan kunya ce da kariya, ba fitsara ba. Malamar da ke sauraron yara ta zama mai amana, kada sirrin gidan mutane ya koma hirar ofishin malamai. Sai dai idan yaro ya faɗi abin da ke nuna ana cin zarafinsa, to rufewa haramun ne, dole ta sanar da waliyyinsa, idan kuwa waliyyin ne mai cutarwar, ta kai ga hukuma. Allah ne Mafi sani.