Ruwan da ake ba bulo

Da zarar damina ta ɗauke a Tsiga da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bakori, sai ɓarnar da ta bari ta fito fili a jikin katangu. Ruwa a nan kudancin Katsina ya fi na arewacin jihar yawa, ita kuwa katangar lambu ba rufi gare ta ba. Gindi ya zaizaye, sama ya zube, awaki sun sami hanyar shiga su cinye zogale da dashen gwaiba. Idan aka kai masara da waken soya kasuwar Funtua, hannu ya ɗan yi nauyi, sai a aika a kira mai buga bulo.

Yanzu mutane sun fi son a ɗora layi ɗaya ko biyu na bulon ado a saman katanga, irin mai huji-hujin nan da zanen fure ko tauraro. Yana da kyan gani, iska tana ratsa shi, kuma bai kai toshesshen bulo nauyi ba, abin da tsohuwar katanga ke buƙata ke nan bayan an gyara gindinta.

Ka tsaya ka kalli gwani yana buga shi. Sai ya tankaɗe yashi tukuna, domin tsakuwa guda za ta iya ɓata siririn zanen. Yakan ƙara siminti fiye da yadda ake sa wa bulo mai inci shida. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan yake zubawa, har sai in ya dunƙula haɗin a tafin hannu ya tsaya bai ɗiga ba, bai kuma wargaje ba. Ya shafa baƙin mai a cikin ƙarfen bugawa, ya cika, ya danna kowane lungu da guntun katako, ya kife a shararren fili, sannan ya zare a hankali yana riƙe da numfashi.

A nan mai lambu yakan ɗauka aiki ya ƙare, ya biya kuɗi, ya bar bulo a rana wai ya bushe. To, ba bushewa ke ba siminti ƙarfi ba. Haɗuwarsa da ruwa ce ke mai da shi dutse, kuma abin na tafiya ne sannu a hankali, sai wajen kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake auna shi da shi. Ga shi lokacin da manomi ke da kuɗin siminti shi ne lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke zuƙe laima cikin 'yan sa'o'i. Bulon da bai sha ruwa ba yakan yi fari fat, ka ce ya yi ƙwari, amma ka murza gefensa da babban yatsa ka ga yashi na zuba. Siririn bulon ado ya fi kowanne saurin lalacewa ta wannan hanya.

Abin yana damuna, domin haka muke yi wa 'ya'yanmu. A ɗinka wa yaro kayan makaranta, a biya kuɗi, a raka shi ranar farko, daga nan babu mai buɗe littafinsa da dare ya ga abin da aka koya masa. Ƙaramin aikin nan na kullum, wanda ba mai gani balle ya yaba, shi muka fi saki.

Ga mai shirin gyaran katanga bana: kafin ka sayi buhun siminti mai kilo 50, ka san wanda zai riƙa yayyafa wa bulon ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7. Ka rufe shi da tsofaffin buhuna ko karan dawa, kada kuma ka bar birkila ya ɗora shi kafin lokacin ya cika, komai gaggawarsa.