Mas'alar Mai Nazarin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a Bafarawa ko Isa gab da faɗuwar damina, sa'ad da manoma ke kawo garemani da fartanyu a gyara musu, ya ga yadda maƙeri ke duban launin ƙarfe cikin wuta, ya san lokacin ɗora shi bisa uwar maƙera da lokacin tsoma shi a ruwa, alhali bai taɓa karanta dalilin haka ba. Wannan dalili shi ne abin da waɗansu 'ya'yanmu ke ƙarar da rayuwarsu wajen bincikensa a sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Zariya a 1962. Dattawa kuwa sukan tambaya: shin wanda ya yi furfura yana nazarin ƙarfe yana da rabo cikin ladan masu neman ilimi?

Ni dai a ganina yana da shi. Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci ƙarfe cikin sura ta 57, wadda ake kira da sunansa, ya kuma ba da labarin tausasa shi ga Annabi Dawuda, Alaihissalam. Imam Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa sana'o'in da duniya ba ta daidaituwa sai da su cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma duka ta bari, laifi ya hau kowa. Masanin da ya gane cewa ɗan sinadarin gawayi da bai kai kashi 2 cikin 100 ba shi ke ba ƙarfe tauri, kuma tsomawa a ruwa kan taurara shi har ya riƙa karyewa sai an sake ɗumama shi a hankali, haƙiƙa tafakkuri yake yi cikin ƙaddarawar Mahalicci.

Sai dai akwai sharaɗi, wato niyya da amfanarwa. Idan injin ban ruwa ya karye wa manomi a fadamun Sabon Birni tsakiyar rani, albasarsa na ƙuna, ranar nan ake sanin darajar shekarun da aka yi a ɗakin gwaji. Malamin da ya nemi sanin abin da ya karya ƙarfen, ya koya wa ɗalibai da maƙera maganinsa, ya ɗauke wa Gobir duka nauyin farilla, muna kuwa yi masa fatan lada wurin Allah.