LADABIN MAI RINJAYE: DARASI DAGA FILIN ƘWALLON KWANDO

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ba da rinjaye ga wanda ya so, ya kuma karɓe shi lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata rigima da aka kawo mana bayan sallar La'asar. Samarin unguwanni biyu ne suka yi wasan ƙwallon kwando a filin wata makaranta. Ɓangare guda ya yi wa ɗayan nisa ƙwarai, har waɗanda aka rinjaya suka saki jiki suna jiran busar ƙarshe. Sai wani yaro daga cikin masu rinjaye ya fizgi ƙwallo, ya sheƙa da gudu, ya jefa ta a kwando, sa'an nan ya juyo yana yi musu gwalo. Kafin a ankara an ba hammata iska, an fasa wa yaro guda baki, yau kuma ga iyaye biyu da ke tsayawa sahu ɗaya a masallaci ba su gaisawa. Da muka tambayi yaron, sai ya ce: "Malam, ai doka ba ta hana ba." Wannan magana tasa za mu ɗora a kan ma'auni, domin manya da yawa a kanta suke tafiyar da rayuwarsu.

Dokar da ba a rubuta ba

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith shi ya ƙago wannan wasa a garin Springfield na ƙasar Amurka a shekara ta 1891, ya kuma shimfiɗa masa dokoki 13. A babbar gasar Amurka da ake kira NBA ana yin wasa na minti 48, kuma tun 1954 aka wajabta wa ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta ta yi jifa cikin sakan 24, in ba haka ba a karɓe a ba abokan karawarta. Waɗannan duka a rubuce suke.

To, amma akwai wata al'ada da ba ta cikin littafin dokokin, alhali ƴan wasa sun fi jin zafin karya ta. Idan rinjaye ya tabbata, kuma lokacin da ya saura bai kai sakan 24 ba, wanda ke gaba ba ya ƙara jifa. Yakan tsaya yana dukan ƙwallon a ƙasa har lokaci ya cika, sa'an nan a yi musafaha. Haka kuma mai horarwa yakan fitar da gwanayensa idan tazara ta yi yawa, ya sa na baya su ma su taɓa. Wanda ya saɓa, alƙalin wasa ba zai busa masa ba, makinsa kuma za a ƙidaya, amma ya zubar da girmansa a idon abokan sana'arsa.

An ga abin da saɓa wannan al'ada ya haifar. A watan Disamba na 2006, a birnin New York, ƙungiyar Denver tana gaba da maki 19, saura minti ɗaya da ƴan kai, amma manyan ƴan wasanta suna cikin fili. Wani ɗan wasan New York ya ji haushi, ya finciko na Denver ta wuya yana hanyar zuwa kwando. Nan faɗa ya kaure. Aka kori duka mutum 10 da ke cikin fili, aka dakatar da Carmelo Anthony wasanni 15, aka ci kowace ƙungiya tarar dalar Amurka 500,000.

A watan Janairu na 2009 kuma, a garin Dallas, ƴan matan wata makaranta suka ci na wata ƙaramar makaranta 100 da babu. Ba su karya doka ko ɗaya ba. Duk da haka hukumar makarantar da ta yi rinjaye ta fito ta nemi gafara, ta ce wannan nasara abin kunya ce a gare ta. Da mai horarwar ya fito fili ya ƙi yarda da neman gafarar, sai aka sallame shi daga aiki.

Adalci da kyautatawa

Ya ku bayin Allah, waɗannan mutane ba malaman fiƙihu ba ne, amma fiɗirar da Allah ya halicci ɗan Adam a kanta ta nuna musu cewa ba duk abin da doka ta yi shiru a kansa ne ya dace da mai mutunci ba. Mu kuwa an karantar da mu wannan a sarari. A aya ta 90 ta Suratun Nahli, wadda limamai da yawa ke rufe huɗubar Juma'a da ita, Allah ya haɗa umurni da adalci da umurni da kyautatawa wuri guda. Adalci shi ne ka karɓi haƙƙinka ba ƙari. Kyautatawa ita ce ka bar wani abu daga cikinsa alhali kana da ikon karɓa. A Suratul Hujurati kuma an hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Saboda haka makin yaron nan ya ƙidayu, amma gwalon da ya biyo baya an rubuta shi a wani littafi dabam.

Mu dubi ranar da aka buɗe Makka, cikin Ramadan na shekara ta 8 bayan hijira. Manzon Allah (S.A.W) ya shigo da mutum 10,000, garin da ya kore shi yana tafin hannunsa, amma ya shigo kansa a sunkuye saboda ƙanƙan da kai ga Ubangijinsa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sa'adu ɗan Ubada, Allah ya yarda da shi, yana riƙe da tutar mutanen Madina, ya gaya wa Abu Sufyanu magana mai nuna cewa ranar ramuwa ta zo. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W), sai ya sa aka karɓi tutar daga hannunsa aka ba ɗansa Ƙaisu. Mabuɗin Ka'aba ma ya mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha, wanda dā ma a gidansu yake, ya kuma yi wa jama'ar garin afuwa. Ba muna daidaita wasan yara da wannan babbar rana ba ne. Muna cewa ne, idan wanda aka zalunta shekaru masu yawa ya kame a ranar ikonsa, mene ne hujjar wanda ya ci wasan sa'a guda?

Sai dai mu yi adalci a hukunci, domin ayyuka suna bin niyya ne. A watan Nuwamba na 2023, a wata sabuwar gasar kofi ta NBA, yawan tazarar maki shi ke raba gardama tsakanin ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki. Boston na bukatar ta ci Chicago da tazarar maki 23 ko fiye kafin ta wuce, sai ta ci gaba da matsawa har ƙarshe, ta ci da tazarar 27. Wannan neman haƙƙi ne da tsarin gasar ya ɗora mata. Haka yaron da bai taɓa samun shiga fili ba sai a mintin ƙarshe, idan ya yi jifa ba za mu kira shi mai girman kai ba. Abin zargi shi ne ƙarin da ba ya amfanar ka da kome sai ƙasƙantar da ɗan'uwanka.

Wanda aka rinjaya shi ma akwai ladabi a kansa. Baƙin cikin kaye ba ya halatta maka jinin Musulmi ko mutuncinsa. Wanda ya finciko mutum ta wuya don an ƙure shi, laifinsa ya fi na wanda ya ƙure shi girma.

Mu koma gida

Wannan ladabi ba baƙo ba ne a wurinmu. A filin kokowar gargajiya, wadda aka fara gasar takobinta a Tawa a 1975, da zarar an yi kaye kokowa ta ƙare, kuma ɗan kokowar da jama'a ke yabo shi ne wanda ke miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. To, me ya sa muke mantawa da haka a wajen fili? Mai bin bashi da alƙali ya ba gaskiya, sa'an nan ya bi kasuwa rumfa rumfa yana tona asirin wanda yake bi, ya yi jifa bayan wasa ya ƙare. Haka ɗan siyasar da ya ci zaɓe ya kai makaɗa ƙofar gidan wanda ya faɗi. Haka mijin da matarsa ta amsa laifinta amma ya ci gaba da maimaita shi gaban dangi. Mu ma malamai ba mu kuɓuta ba: sau nawa ɗayanmu ya rinjayi ɗan'uwansa da hujja a kan wata mas'ala, maimakon ya gode wa Allah, sai ya mayar da sunansa abin dariya a wurin wa'azi? Hausawa sun ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

Game da yaran nan, mun umurci wanda ya yi gwalo ya je har gida ya ba da haƙuri, wanda ya kai duka kuma iyayensa su biya kuɗin magani. Muna kira ga iyayen biyu su ji tsoron Allah su gaisa kafin Juma'a mai zuwa, domin shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. Ku kuma masu horar da yara, ku koya musu yadda ake tsayawa kamar yadda kuke koya musu yadda ake jifa, kuma kada wasa ya shagaltar da su daga salla.

Allah ya ba mu ikon kame kanmu a ranar rinjaye, ya ba mu haƙuri a ranar kaye, ya shirya mana zuriyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.