Haƙƙin Tsohuwar Riga

A Kafin Hausa, kamar sauran garuruwan masarautar Haɗeja, ba a yar da zanin atamfa don ya koɗe. In ya gama zuwa biki sai ya koma na zaman gida, in ya yi laushi a yaga shi a yi majanyi, daga nan ya zama gammo ko tsumman sauke tukunya. Ƙyallayen da ke zuba a gindin keken tela ana cusa su a matashin kai, babbar rigar maigida kuma in wuyanta ya cinye a fitar wa yaro 'yar shara a jikinta. Yau kamfanonin tufafi na Turai suna tallar irin wannan a matsayin sabuwar hikima, mu kuwa mun fara jin kunyarsa. To, mai faci da rage tsohuwar riga, rowa yake yi da ni'imar Allah ko kuwa godiya?

Yawancin mutane sun ɗauka almubazzaranci a sutura shi ne sayen mai tsada. A ganina ba farashi ne ma'auni ba, tsawon amfani ne. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta yi umarni da yin ado wajen salla, a cikinta kuma aka hana ɓarna, ayar da ke biye ta tsawata wa mai haramta adon da Allah Ya halatta. Ke nan kwalliya ba laifi ba ce. Shaddar da aka saya da tsada, aka sa ta shekara goma, aka kai ta marina ta dawo da sabon launi, sannan aka ba ƙane kwance, ba a yi ɓarna da ita ba. Ankon biki mai araha da aka ɗinka don wuni ɗaya, ya kwanta a akwati har ya tsufa ba a sake taɓa shi ba, shi ne ɓarna, ko da kuɗinsa bai kai rabin na shaddar ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yana ɗinke tufarsa da gyara takalminsa da hannunsa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, Anas ya ga Sayyidina Umar da faci a tsakanin kafaɗunsa alhali yana halifa. Sayyidina Abubakar kuwa da zai rasu ya ce a wanke tufar da ke jikinsa a haɗa cikin likkafaninsa, don mai rai ya fi buƙatar sabo. Waɗannan ba marowata ba ne.

Dalilin da ya sa tsawon amfani ne ma'auni kuwa shi ne riga ba ta mai kuɗin kaɗai ba ce. An ƙiyasta cewa rigar auduga guda, irin ƙaramar nan ta samari, tana lashe ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago, kuma noman auduga ne ya ƙafar da mafi yawan tafkin Aral a tsakiyar Asiya. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, ya kashe mutum fiye da 1,100, akasarinsu masu ɗinka tufafin araha. Wani rahoto na 2017 na gidauniyar Ellen MacArthur ya nuna cewa abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsofaffi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba sai an je nesa ba ma. Manomin da ya kwashi juji a amalanke ya kai gona ya san bambancin: tsumman auduga yana ruɓewa ya zama taki, na roba kuwa damina bayan damina garma tana tono shi yadda yake.

Za a ce ai hadisi ya zo cewa Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa ga bawanSa. Gaskiya ne, kuma mai hali da ke yawo cikin dauɗa don a ce masa mai gudun duniya ya saɓa masa. Amma alamar ni'ima tsafta ce da kyan shiga, ba yawan akwatunan lefe ba. Masu cewa za a kashe wa teloli da 'yan Kantin Kwari kasuwa su tuna cewa gyara da rini da sake ɗinki su ma aiki ne, kuma ladarsu a hannun telan unguwa take tsayawa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda ke cewa wannan wa'azi bai dace da talakan Jigawa ba, wanda kayan salla ɗaya yake yi a shekara in ya samu, sauran kuma gwanjon Ƙofar Wambai ne. Na yarda, ba shi ne abin zargi ba, shi ne ma malamin. Maganar ta masu hali ce, waɗanda ke saye ba lissafi suna kwantar da zuciyarsu da cewa ai za su bayar sadaka. Kasuwar Kantamanto a Accra ta nuna inda wannan uzuri ke ƙarewa: ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga can duk mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma a bola da bakin teku suke ƙarewa. Da yawansu da sunan taimako suka baro Turai da Amurka, ɗan kasuwar da ya fasa dila ya tarar da yagaggu shi ke asara. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi mummuna ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Don haka kwancen da zai zama sadaka sai an wanke shi, an maye maɓallin da ya faɗi, an kai wa tela ya rage shi daidai jikin wanda za a ba, kuma kuɗin gyaran daga aljihun mai bayarwa zai fito.